Silin Gashi a Ƙashin Inna

Sunana Batulu, tela ce ni a Birnin Kudu, kuma in akwai abin da sana'ata ta koya mini, to shi ne kada in yarda da hoton da ya zo ta waya. Shekara biyu da suka wuce wata amarya daga Surko ta turo mini hoton rigar da take so. Na duba na ga furanni manya-manya a wuya, na ɗinka mata su tsaf. Ranar da ta zo karɓa ta buɗe leda, ta kalle ni kamar na zage ta. Ashe tsakanin furannin akwai wasu siraran zare ruwan zinari da suka haɗa su, su ne ma kwalliyar rigar. A wayarta suna nan raɗau, a tawa babu ko ɗaya, sai wani dishi-dishi. Tun daga ranar na gane cewa fuskar mutum tana isowa lafiya, atamfa mai manyan zane tana isowa lafiya, amma siririn abu a hanya yake mutuwa. Na san wannan sarai. Shi ya sa har yau in na tuna abin da na yi ranar Talatar nan, sai in ji kamar in mari kaina.

Da sassafe ranar, mahaifiyarmu Inna Kaltume ta zame a bakin rijiya a gidanmu na Unguwar Ya. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi santsi, ita kuma tsohuwar nan ba ta yarda wani ya ɗebo mata ruwan alwala. Ta faɗi ta gefen hagu, ta kasa tashi. Yayana Sabo ne ya ɗauko ta a bas ɗinsa ya kawo ta Birnin Kudu, wani ɗan wurin ɗaukar hoton ƙashi da ke bayan kasuwa. Yaya Sabo direba ne, a tasha Sabo Jirgi ake ce masa saboda gudun tsiya. Mutum ne da ko kunu da zafinsa yake shanye shi. Amma fa yana son Inna, wannan ba zan tauye masa ba. A hannu ya shigo da ita, yana ta “sannu Inna, sannu Inna” kamar zai yi kuka.

Mai ɗaukar hoton wani mutum ne mai sanyin hali, Malam Zulkifli. Ya ɗauka, hoton ya fito a kwamfuta, sai wuta ta ɗauke. Kwamfutar tana da batir, amma injin da ke fitar da hoton a baƙar ledar nan sai da janareta, janareta kuma ya ƙi tashi. Likitan da ke duba hotuna ba ya zuwa sai bayan azahar.

“Azahar?” in ji Yaya Sabo. “Tsohuwa tana nishi ka ce mini azahar? Kai dai faɗa mini, ta karye ko ba ta karye ba?”

“Alhaji, ni aikina ɗauka, faɗa kuma aikin likita ne. Ku yi haƙuri ku jira shi.”

“To a ɗaukar mini shi a waya, na san wanda zan nuna wa.”

Wayarsa ba data a lokacin. Ni ce, ni Batulu mai wayon banza, na ɗaga tawa na ɗauki hoton fuskar kwamfutar, na jefa a guruf ɗin gidanmu. Ƙanwarmu Munira da ke aure a Kano ta gani, ta sake ɗaukar hoton hoton, ta rubuta “Allah ya ba Inna lafiya” a ƙasansa, ta sake jefowa. Kafin nan Yaya ya sayi data, na Munira ya fara shiga wayarsa, shi kuma ya tura wa Baba Manu.

Baba Manu maɗori ne a wani ƙauye gaba da Zandam, ta can ƙasar Gwaram. Shi ya ɗora wa Yaya hannu lokacin da ya faɗo daga kan mangwaro yana yaro, kuma tun daga nan Yaya bai yarda akwai wani masanin ƙashi a duniya bayansa ba. Ba a daɗe ba amsa ta dawo da muryar tsohon: ya duba, ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta harɗe, a kawo ta a ja ƙafar ta koma daidai. Ni ma na leƙa wayar Yaya, ban ga komai ba sai ƙashi fari sumul, wallahi har hamdala na yi. Aka yi shawara su wuce, ni in tsaya in karɓi ledar tunda an riga an yi aikin. Yaya ya sake sungumar Inna ya zaunar da ita a kujerar gaba, ya ja mota.

Ƙarfe ɗaya da rabi ina zaune a benci ina gyangyaɗi, Malam Zulkifli ya leƙo.

“Hajiya, ina Innar take?”

“Sun tafi Zandam wurin maɗori. Ai targaɗe ne.”

Fuskarsa ta canza. “Shigo.”

Ashe janareta ya tashi, ledar ta fito, likitan ya zo ya duba ya shiga ganin wasu, ya bar takarda. Malam Zulkifli ya maƙala ledar a jikin wani akwati mai fitila, ya ɗauki biro ya nuna mini can sama, inda ƙashin cinya ke lanƙwasawa ya shiga kwatangwalo. Wani layi ne siriri, bai fi silin gashi ba, ya ratsa wuyan ƙashin daga gefe zuwa gefe.

“Tsagewa ce,” ya ce. “Ƙashin bai rabu ba tukuna, yana zaune a wurinsa. Likita ya ce a kwantar da ita a miƙe, kada ta taka, kada a murza, a kai ta babban asibiti yau. In aka ja ƙafar nan, Hajiya, zai iya rabuwa biyu. A shekarunta kuwa, wataƙila ita da tafiya sai a lahira.”

Na zaro waya na buɗe hoton da Munira ta jefo, na ware shi da yatsu har ya cika fuskar wayar. A daidai wurin babu layi. Wasu 'yan dabbare-dabbare ne kawai masu kusurwa huɗu, toka-toka, kamar an shafe wurin da yatsa. A samansa kaɗan akwai hoton Inna na sallar bara da aka taɓa jefowa, shi ma ya bi hannu ya kai biyar, amma ga ta nan tana murmushi, har goron haƙoranta ana gani.

“Waya matse hoto take yi don ya yi sauƙin tafiya,” in ji Malam Zulkifli. “Sai ta zubar da abin da take ganin ido ba zai nema ba. Fuska ba ta cika nunawa ba. Ƙaramin rubutu yakan yi gashi-gashi a baki, amma ka iya cankar sa. Hoton ƙashi kuwa duk toka ne, layin da ƙashin kusan launinsu ɗaya, kuma duk wanda ya sake ɗauka ya sake turawa…”

“Na sani,” na katse shi. “Malam, na fi ka sani. Ni na tura.”

Na kira Yaya. Sai a kira na huɗu ta shiga, muryarsa tana yankewa.

“Yaya, kada a taɓa ƙafar Inna! Ta tsage, ga shi ina gani da idona!”

“Wace irin tsagewa kuma? Baba Manu ya gani, ni na gani, ke ma kin gani da safe.”

“Abin da muka gani ba shi ne hoton ba. Layin ya ɓace a hanya.”

Ya yi wata dariya mai cin rai. “Ya ɓace a hanya? Akuya ce? Batulu, gani ya kori ji. Ga hoto a hannuna. Mutanen asibitin nan in ba su yanka mutum ba hankalinsu ba ya kwanciya, ke kuma sun samu mai kunnen ƙashi a wurina, mai kunnen auduga a wurinsu.”

“Yaya, don girman Allah. Yaushe zai ja?”

“Ya shafa mata magani, ya ce a bari jijiya ta saki. Shi ba ya jan ƙafa sai an idar da la'asar, kin san al'adarsa.”

“To ka jira ni.”

“In jira ki ki yi me? Ki ɗinke ta da keke?”

Wayar ta yanke. Da yana kusa da ni a lokacin, da na manta shi ne babba.

Malam Zulkifli ya karɓi lambar Yaya, ya ce zai tura masa ainihin hoton daga kwamfuta a matsayin dokumen, wato yadda waya ba za ta rage komai a cikinsa ba. Ya tura. Na sake kira, da ƙyar ta shiga.

“Na ga wani abu ya shigo,” in ji Yaya. “Na danna, yana ta juyawa, ya ƙi buɗewa. Nan sabis ɗin ba ya ɗaukar irin waɗannan manyan kaya. Wancan da kike zagi ai nan da nan ya buɗe.”

“Ya buɗe ne saboda an zubar da rabinsa!”

Ban san ko ya ji ba. Na dubi agogon bango, biyu saura kwata. Na ce wa Malam Zulkifli ya sa mini ledar a ambulan. Ya sa, ya haɗa da takardar likita, ya ce kada ta lanƙwashe, kada ruwa ya taɓa ta. Na fita ko sallama ban yi masa ba.

A tasha motar Gwaram saura mutum biyu ta cika, kuma duk wanda ya san tasha ya san mutum biyun nan za su iya cinye yini guda. Direban, Ɗanbala, abokin Yaya ne. Na tsaya a gabansa na faɗa masa komai a numfashi ɗaya. Ban sani ba ko ya gane zancen layi, amma ya gane kalmar Inna, don ya sha furarta ba sau ɗaya ba. Ya tofar da asuwakin da ke bakinsa, ya ce wa fasinja, “Ku gyara, ƙanwar Jirgi ce.” Muka tashi da kujera ɗaya babu kowa.

Ambulan ɗin faɗi gare shi kamar faranti. Na rasa inda zan ajiye shi, matar da ke kusa da ni tana da ƙwaryar nono a cinya, duk ramin da muka faɗa sai nonon ya yi tsalle. Ƙarshe na ɗaga shi sama da hannu biyu na jingina da rufin mota, haka na tafi kamar mai roƙon ruwa. Matar ta tambaye ni ko takardar gado ce. Na ce mata ƙafar uwata ce. Ta sa mayafinta ta rufe bakin ƙwaryar.

Mun yi nisa sai ga garken shanu yana tsallaka titi. Ba su da yawa, amma kowace saniya sai ta tsaya a tsakiyar kwalta ta kalle mu tukuna. Makiyayin dattijo ne, yana tafe da sandarsa a wuya, babu abin da ya dame shi. Ni da na tashi cikin shanu, ranar na ji na tsani kowace dabba mai ƙaho. Na sake gwada kiran Yaya, ta yi ƙara biyu, fuskar wayata ta yi baƙi. Tun safe babu wuta, caji ya ƙare. Matar nan ta miƙo mini tata, sai a nan na tarar ban haddace lambar ɗan'uwana ba. Ɗanbala yana da ita, ya kira har sau uku, ana ce masa ba a samun mai lambar.

Uku da kwata muka shiga Gwaram. Hadari ya haɗo ta gabas, gari ya yi duhu-duhu. Ɗanbala bai bari na tsaya neman abin hawa ba, ya ƙwala wa wani ɗan acaba kira, mutum mai furfura a gemu, ya ce masa, “Gidan Manu maɗori, kuma kada ka tsaya ko gaisuwa.” Na cusa ambulan ɗin cikin hijabina, na manna shi a ƙirji da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe ƙarfen baya.

Hanyar ta lalace da ruwan jiya. Babur yana zamewa, mai shi yana dafa ƙasa da ƙafa, ni ina karanto duk addu'ar da na iya har da wadda ba ta wurin ba. Gero ya yi tsayi a gefe da gefe, ba ka ganin komai sai hanya. Mun wuce Zandam kaɗan na ji abin da nake tsoro: kiran salla daga wani masallaci a bayanmu. Na fara lissafi a raina. Alwala, jiran liman, raka'a huɗu, addu'a. Baba Manu tsoho ne, ba ya sauri. Allah ka sa limaminsu mai jan ruku'u ne.

Sai muka iso rafi. Jiya da ƙafa ake tsallake shi, yau ruwa ja yana gudu.

“Hajiya, mashin ba zai shiga nan ba,” in ji ɗan acaban. “Ga gidan can, wajen kukar nan. In kin tsallake kin isa.”

Na cire takalma na bar su a nan. Na zaro ambulan na ɗora a ka, na ja hijabi na rufe, na shiga. Ruwan ya kawo mini cinya, yashi yana zarewa a ƙarƙashin ƙafata. A tsakiya na yi tangaɗi, amma hannuna bai sauka daga kaina ba. Ina fita na kama gudu, ni matar aure mai 'ya'ya huɗu, zane jiƙe yana manne mini, ƙaya tana sukata ban ko tsaya cirewa ba.

Bas ɗin Yaya na fara gani a gindin kuka, ashe su ta doguwar hanya suka zagayo. Sannan rumfar Baba Manu. An idar da salla, tabarmin ma ba a naɗe ba. Inna tana kwance a ƙasa, fuskarta ta yi fari. Wasu ƙarti biyu sun durƙusa sun danne mata kafaɗu da ƙugu. Yaya yana riƙe da hannunta. Baba Manu yana zaune ta wajen ƙafafu, ya ɗaure mata idon sawu da wani tsumma, ya naɗe bakin tsumman a hannunsa, ya tokare ƙafarsa da turken rumfa. Yana tofa bisimilla.

“Kada ka ja!”

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Kaji suka watse. Duk maza suka juyo suna kallona, mace ba takalmi, jiƙe sharkaf, tana ihu a rumfar dattijo ko sallama babu.

Yaya ya miƙe, idonsa ja. “Batulu, kin haukace ne? A gaban mutane za ki tozarta ni?”

Ban kula shi ba. Na durƙusa a gaban tsohon. “Baba, ka gafarce ni. Ka duba wannan tukuna, in ka duba ka yi abin da ka ga dama.”

Bai saki tsumman ba, amma ya gyaɗa kai. Na zaro ledar, a bushe take, alhamdu lillahi. Na ɗaga ta sama. Sai dai hadari ya rufe rana, kuma babu akwati mai fitila. Na duba inda Malam Zulkifli ya nuna mini, ban ga komai ba. Na juya ledar, na sake juyawa. Ƙashi fari, toka, baƙi. Babu layi.

“To ina yake?” in ji Yaya. “Nuna mana. Ko a nan ma ya ɓace a hanya?”

Wani daga cikin ƙartin ya yi murmushi. Na ji hawaye ya cika mini ido, wanda ya ƙara rufe mini gani. Na ce a raina, Batulu, in kika yi kuka yanzu kin karya uwarki. Na goge ido da bakin hijabi, na yi abin da nake yi in ina neman inda leshi ya yage. Na ciro farin ɗankwalin Inna da ke gefenta, na ce wa ɗaya ƙaton ya kunna fitilar wayarsa ya riƙe a bayan ɗankwalin, na ɗora ledar a gaba. Haske ya bazu daidai. Na bi gefen ƙashin a hankali tun daga ƙasa, kamar mai bin ɗinki.

Ga shi nan. Siriri, shiru, yana inda yake.

Kullum akwai allura a soke a bakin hijabina. Na zare ta na ɗora tsininta a kan layin. “Baba, nan. Daga nan zuwa nan.”

Baba Manu ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa ledar. Ya runtse ido ɗaya, ya buɗe, ya daɗe. Sannan ya girgiza kai.

“'Yata, idona ya tsufa. Allurarki nake gani, ban ga abin da take nunawa ba.”

Yaya ya leƙa ta saman kafaɗata, leƙen wanda ya riga ya yanke hukunci. “Babu komai a nan. Ƙarzuwar leda ce. Baba, yi aikinka, tsohuwa tana shan wuya.”

Tsohon ya dubi tsumman da ke hannunsa. Na ga yatsunsa sun ƙara naɗe shi. Na kawo duk abin da nake da shi kuma bai isa ba.

“Malam Manu.”

Inna ce. Tun da na iso ba ta ce uffan ba, muryarta can ƙasa.

“Yarinyar nan ita ke sa mini zare a allura tun tana shekara shida, da magariba ma, ba fitila. Ba ta taɓa kuskure kafar allurar ba. In ta ce ta ga layi, akwai layi.”

Baba Manu ya warware tsumman daga hannunsa a hankali, ya ajiye. Ya ce wa ƙartin su sake ta. Ya miƙar da tafin hannunsa a ƙarƙashin dugaduginta, ya dunƙule ɗaya hannun ya ɗan buga, bugun da ko ƙwai ba zai fasa ba. Inna ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta kai hannu can saman cinya, daidai inda allurata take a kan leda.

Tsohon ya yi salati. Ya dubi hannayensa.

“Tun da kuka sauke ta hannuna ya so ya yi mini gardama,” ya ce. “Na ce masa ya yi shiru, ai na ga hoto. Shekara hamsin ina ɗori babu waya, yau na bar waya ta ja ni.” Ya juya wajen ƙartin. “Ku ciro ƙyauren ɗakina. Wannan ba aikin kara ba ne, ba aikina ba ne. A kan katako za ta tafi, kuma kada wanda ya lanƙwasa ta.”

Aka ɓalle ƙyauren, aka zura shi a ƙarƙashinta mu shida, kaɗan-kaɗan. Aka kwantar da kujerun bayan bas, aka shigar da ita. Baba Manu da kansa ya tokare ƙafar da buhunan ƙaiƙayi biyu don kada ta juya. Yaya ya yi duk abin da aka ce ya yi, amma bai kalle ni ba. Na san shi. A ransa har yanzu tsoho ne ya tsorata da ihun mace, shi dai bai ga layi ba.

Muka kama doguwar hanya, ruwa ya fara yayyafi. Ina baya a tsugune kusa da kan Inna. Yaya yana tuƙi yadda ya saba, ba gudu sosai ba, amma yana yankar ramuka da ƙarfi, duk girgiza sai Inna ta cije leɓe. Na yi magana sau biyu, ya yi kamar bai ji ba.

Muna hawa kwalta a bakin Gwaram wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Sabis ya dawo, saƙon Malam Zulkifli ya gama sauka. Ya zaro ta da hannu ɗaya ya duba, sai na ga ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya buɗe hoton. Ya sa yatsu biyu ya ware shi, ya sake warewa. Daga inda nake ina hango fuskar wayar. Babu dabbare-dabbare ko ɗaya, ƙashin ya fito tas, layin ya ratsa shi baƙi ƙirin kamar an ja da biro.

Injin yana aiki, abin share gilashi yana kai da komo.

“Sau uku na ɗaga ta yau,” ya ce, ba da ni yake ba. “Na zaunar da ita a kujera tun daga Birnin Kudu. Da muka isa na ce ta gwada takawa.”

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ban taɓa ganin Yaya Sabo yana kuka ba, ko ranar da aka binne Baba. Duk fushin da na ɗauko tun daga tasha na neme shi na rasa.

“Ni na tura hoton, Yaya,” na ce. “Kuma na san halin waya.”

“Ku ishe ni,” in ji Inna daga kan ƙyaure. “In kun gama rabon laifin, a kai ni asibiti.”

Ya goge fuska da hularsa, ya sa giya. Daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, hanyar da Sabo Jirgi ke cinyewa kafin mai shayi ya gama haɗa kofi, sai da muka kusa awa biyu. Manyan motoci suna danna masa oda, 'yan acaba suna wuce mu suna waiwaye, wani ma ya gane shi ya yi masa ihu ko jirgin ya lalace ne. Duk ramin da ya hango sai ya taka burki tun daga nesa, ya lallaɓa taya ɗaya ta sauka, ta hau, sannan ya dubi madubi.

“Sannu Inna,” yake cewa. “Batulu, duba mini ƙafar, ba ta motsa ba ko?”